Ɗan Kutsen Ƙarfe Bakwai

Akwai mutanen da in ka tambaye su hanya, ko ba su taɓa taka unguwar ba sai sun nuna maka, har su ƙara da cewa akwai gajeriya ta baya. Ba-Matsala yana cikinsu, a sahun gaba ma. A shagon gyaran rimot da caja ya samo sunan, inda ya yi shekara shida, domin duk abin da aka kawo masa, kafin mai kayan ya rufe baki ya riga ya ce, "Ba matsala." Matsalar takan biyo baya ne, bayan mai kayan ya isa gida.

Sai ga wani kamfanin jigilar kaya yana neman mai kula da saba, wato manyan na'urorin da duk kwamfutocin ofis ke jingina da su. Matar da ke riƙe da aikin ta samu wani wuri ta tafi. Ba-Matsala ya kalli bidiyo uku a waya, ya sayi tabarau marar magani, ya je intabiyu.

Manaja ya tambaye shi, "Ka san fayawol?"

"Ranka ya daɗe, ai sai dai a tambayi fayawol ko ya san ni."

Shi kansa Manaja iyakar saninsa da fayawol ke nan, sunan. Amsar ta burge shi. Ya ce, "Za mu gwada ka wata ɗaya. In aiki bai tsaya ba, kujerar taka ce. In ya tsaya, ka san hanyar da ka shigo."

Kafin rana ta faɗi Ba-Matsala ya buga kati ɗari biyar masu ɗauke da muƙamin da ya naɗa wa kansa: Babban Kwamandan Tsaron Na'ura. Na farko surukinsa ya kai wa. Tsohon ma'aikacin lantarki ne da ya yi ritaya, mutum marar yawan magana, wanda shekara huɗu ke nan duk inda zai gabatar da shi sai ya ce, "Ga mijin 'yata, mai gyaran rimot." Wannan magana tana ci wa Ba-Matsala rai fiye da yadda zai iya faɗa. Abin da yake so a duniya bai wuce ya ji tsohon nan ya kira shi da wani abu daban ba, ko sau ɗaya ne.

Surukin ya juya katin gaba da baya, ya ce, "Allah ya sa alheri. Wata ɗaya ka ce ko?"

Ɗakin saba yana ƙarshen baranda, siriri ne, sanyinsa har cikin ƙashi. Ƙofarsa ta ƙarfe ce, da kati ake buɗe ta, kuma akwai faffaɗan gilashi mai kauri da ke kallon barandar. A cikin durowar ƙarfe, tsakanin na'urori masu ƙyafta fitilu, nan fayawol yake, wani fallen akwati da bai kai tire girma ba. Aikinsa aikin maigadi ne. Duk saƙon da zai shiga ko zai fita, ko zai tsallaka daga wani sashe zuwa wani, sai ya duba jerin dokoki daga sama zuwa ƙasa, ta farkon da ta dace da saƙon ita zai bi. A can ƙarshen jerin akwai doka guda mai cewa a hana kowa, domin wanda ba a ambace shi a sama ba.

Duk wannan yana rubuce a wani koren littafi mai shafi arba'in da tsohuwar mai aikin ta bari a kan tebur. Ba-Matsala ya ɗaga shi, ya auna kaurinsa da yatsa, ya ga daidai yake da giɓin ƙafar teburin da ke rawa. Ya tura shi ƙarƙashi, tebur ya tsaya cak. Ya ce ko ba komai matar ta bar abu mai amfani.

Sai sanyi ya fara cinsa, ya tuna da butar lantarkin da ya zo da ita. Duk soket ɗin da ke jikin akwatin batirin ɗakin a cike suke. Ya zare fulogi ɗaya, ya ɗaura masa doguwar waya, ya zura ta ƙarƙashin ƙofa zuwa soket ɗin baranda, ya ba butarsa gurbin. Bai bi wayar ya ga ta mece ce ba. Ta fayawol ce.

Kashegari ya fara aiki gadan-gadan. Ya lura firinta tana magana da kowace kwamfuta a ofis, ya ce duk na'urar da ta san kowa haka abar zargi ce, ya rubuta doka ya toshe ta. Ya danna aiwatar. Wani ɗan rubutu rawaya ya fito a kusurwar allo yana tuna masa wani abu game da ajiyewa. Ya ce na'urar nan ta cika surutu, ya manna ɗaya daga cikin katunansa a kan kusurwar.

Kafin awa guda direbobi goma sha ɗaya sun cika baranda. Babu motar da ke fita sai da takardar fitar kaya, takarda kuwa sai firinta. Shugaban direbobi, wani ƙato mai murya kamar hon ɗin tirela, ya buga gilashi.

"Kai Kwamanda, me ka yi wa firinta?"

"Tana ƙarƙashin bincike."

"Me ta sata?"

"Ba ta sata ba tukuna. Mu a fanninmu ba ma jira sai an sata."

"To mu a fanninmu kifi ne a motar can, kuma shi ma ba ya jira."

Ranar nan, da hannu Sakatariya ta rubuta takardu talatin, tana rubutu tana tsaki.

Washegari da ya iso ƙarfe takwas, ya tarar da Inna mai shara ta gama zagayen ofisoshi, tana baranda tana naɗe wayar injinta na zuƙe ƙura, firinta kuma tana ta aman takarda. Sakatariya ta ce, "Sannu da ƙoƙari, ashe ka gyara." Ya ce, "Ba matsala," ya shige yana ƙobare kafaɗa. Da ya buɗe allo sai ya ga abin mamaki. Dokarsa babu ita babu alamarta. Jerin ya koma yadda tsohuwar mai aikin ta bar shi.

Ya sake rubutawa, ya ƙara biyu. Kashegari sun ɓace. Ya rubuta bakwai, har da wadda ta hana saƙonnin abokan hulɗa shigowa, wai ba a san asalinsu ba. Kashegari babu ko ɗaya. Da ya lalubo rajistar na'urar, sai ya ga kullum ƙarfe bakwai daidai fayawol yana mutuwa, bakwai da minti ashirin ya farfaɗo, kuma ya farfaɗo bai san Ba-Matsala ba.

Ya faɗa ofishin Manaja ko sallama bai gama ba.

"Ranka ya daɗe, ana yaƙarmu. Ɗan kutse ne, ƙwararre, daga ƙetare. Kullum ƙarfe bakwai yake shigowa ya share min aiki."

Manaja ya ajiye biro. "Me yake ɗauka?"

"Bai ɗauki komai ba. Abin tsoron ke nan. Ƙaramin ɓarawo ne ke ɗaukar abu."

"To amma na ga da safe komai lafiya yake tafiya."

"Yaudara ce, ranka ya daɗe. Yana so mu saki jiki."

Ma'aikata dai ba su san da wani ɗan kutse ba, amma sun gane abu ɗaya: daga bakwai da rabi zuwa lokacin da Kwamanda zai gama shan shayinsa ya zauna gaban allo, komai yana aiki. Sai kowa ya koma sammako. Mutanen da a da sai tara da rabi suke jan ƙafa su shigo, yanzu bakwai da kwata suna bakin ƙofa. Aikin yini guda a awa biyu ake gama shi. Aka kuma raba aikin tsare Ba-Matsala a baranda: yau Sakatariya ta tambaye shi yadda ya koyi na'ura, gobe Shugaban direbobi ya kawo masa rimot ɗin gidansa ya duba. Labarin yadda ya koyi na'ura kaɗai yakan sayo musu minti arba'in. Manaja ya ga motoci suna fita da wuri fiye da kowane lokaci, ya fara tunanin ko dai ya yi dacen ma'aikaci.

Shi kuwa Ba-Matsala yaƙi ya ci gaba. Ya sa kowa ya canja kalmar sirri zuwa mai harafi talatin, kowa ya rubuta tasa a takarda ya manna a goshin kwamfuta. Ya tsare Inna da tambayoyi.

"Inna, da safe kina ganin wani baƙo a nan? Mai baƙar riga mai hula, yana sanɗa?"

"Ɗan nan, ni da ƙura kaɗai nake gani. Sai kofunan shayinka."

"Ki riƙa lura. Mutanen nan ba a ganinsu."

"To in ba a ganinsu me zan lura da shi?"

Ya girgiza kai cikin tausayin jahilci. A mako na uku ya yanke cewa ɗan kutsen yana da ɗan hannu a cikin gida, don haka ya kwance mariƙin ƙofar ɗakin saba na ciki, ya cire maɓallin fita. Duk wanda ya shiga, sai da kati zai fita. Ya kira wannan tarko na ɗaya, ko da yake babu na biyu.

Ana gobe wata zai cika ya fitar da sanarwa. Gobe babu mai shiga ginin kafin ƙarfe tara, ko Inna, ko injinta. Ƙarfe goma kuma kowa ya hallara gaban gilashi ya ga yadda ake murƙushe ɗan kutse. Ya cire kunya ya je har gida ya gayyato surukinsa. Tsohon ya ce dama ba shi da abin yi.

Da safen ya buɗe allo. Dokokinsa ashirin da uku suna nan, ko ɗaya ba ta motsa ba. Ya yi tsalle har tabarau ya faɗi. Ya fito yana shela: "Ya ji tsoro! Yau bai zo ba!" Murna ta sa ya shanye kofi uku na shayi a tsaye. Ma'aikata kuwa fuska a murtuke, domin yau babu awa biyun rahama, firinta shiru, motoci goma sha huɗu a jere a waje.

Ƙarfe goma baranda ta cika. Aka kawo wa surukin kujera kusa da Manaja. Ba-Matsala ya tsaya a bakin ƙofa, ya gyara wuyan riga.

"Jama'a, na gano inda matar nan ta yi kuskure. Doka mafi ƙarfi a na'urar nan ita ce ta hana kowa. Kun san inda ta ajiye ta? A ƙarshe! Can ƙasa, bayan firinta, bayan agogon sa hannu. Ina aka taɓa zaunar da babba a bayan yara? Shi ya sa ake raina mu. Yau zan mayar da ita mazauninta."

Surukin ya yi gyaran murya. "Ita wadda ta ajiye ta a ƙasan, ka tambaye ta dalili?"

"Baba, wannan ba harkar wayar wuta ba ce. A dai zuba ido."

Ya shiga, ya ja ƙofa ta rufe ƙyas. Ya juyo da allon kwamfutarsa wajen gilashi don kowa ya gani. Ya kama dokar hana kowa, ya ja ta sannu a hankali, ya wuce da ita kan ta firinta, ya wuce ta ƙofofi, ya wuce wadda ta ba shi kansa izinin shiga fayawol, ya dire ta a layi na ɗaya. Ya ɗaga yatsa sama kamar mai shirin yanka kek, ya danna aiwatar.

Fayawol dai ba ya gardama. Ya karanta layi na ɗaya, ya ga an ce a hana kowa, ya hana kowa.

Wayoyin tebur suka mutu a tare. Allon da ke nuna inda motoci suke ya yi fari fat. Daga ofishin ciki wani ya ƙwala kira cewa saƙonni sun tsaya. Ba-Matsala ya yi murmushi ya ɗaga babban yatsa, sannan ya juya ga allonsa don ya nuna musu mataki na gaba. Wani ɗan da'ira yana ta juyawa. Ya danna. Ya sake dannawa. Rubutu ya fito cewa ba a san shi ba.

Murmushin bai sauka nan take ba, sai da ya ɗan daɗe a fuskar shi kaɗai. Ya taka zuwa ƙofa cikin natsuwa, ya kara katinsa. Jar fitila. Ya goge katin a riga ya sake karawa. Jar fitila. Ita ma ƙofar sai ta tambayi saba kafin ta buɗe, tambayar kuwa ta fayawol take bi. Ya kai hannu inda mariƙi yake a da, ya taɓo ramukan ƙusa biyu.

Manaja ya kara nasa katin daga waje. Jar fitila.

Shugaban direbobi ya ce, "Ranka ya daɗe, tarko ya kama."

Baranda ta ɗauki dariya. Gilashin yana da kauri, ga ƙarar fankokin na'ura, ba a jin mai ciki. Ba-Matsala ya ɗauko katunansa ya fara rubutu a bayansu yana mannawa a gilashi. Na farko ya ce: BA MATSALA. Na biyu ya ce: YANA CIKIN SHIRI. Surukin ya taso, ya nuna akwatin fayawol, ya yi alamar a kashe a kunna. Ba-Matsala ya zaro ido ya rubuta: IN AKA KASHE ZAI SHIGO.

Sakatariya ta kira mai walda ta wayar hannu, ya ce yana wani aiki, sai nan da awa ɗaya da rabi. A daidai nan ne kofi ukun shayin suka fara neman hakkinsu. Sanyin ɗakin kuma ya taya su. Ba-Matsala ya fara sauya ƙafa. Ya zagaya durowa. Ya zauna, ya miƙe, ya harɗe ƙafafu. Kati na huɗu ya ce: A HANZARTA. Na biyar, da rubutu a karkace, ya ce: DON ALLAH.

"Kwamanda rawa yake yi?" in ji wani direba.

"Rawar nasara ce," in ji Sakatariya. "Ku ba shi tafi."

Ana cikin haka sai ga Inna tana jan injinta. An hana ta shara da safe, ga shi mutum talatin sun tattake mata baranda da takalma. Ba ta tambayi abin da ake kallo ba. Ta ce, "Ku ɗaga ƙafa," ta sunkuya gindin bango, ta zare fulogin da ke soket, ta sa nata.

A cikin ɗaki fitilun fayawol suka mutu ɗif. Ba-Matsala ya daka tsalle, ya manta da abin da ke damunsa, yana dukan gilashi yana nuna akwatin. Ya rubuta da manyan baƙaƙe: GA SHI NAN! YA SHIGO YANZU! Jama'a suka ja da baya. Manaja ya waiga hagu da dama. Surukin kaɗai bai waiga ba. Idonsa yana kan fulogin da ke yashe a ƙasa, ya bi wayar da kallo har inda ta shige ƙarƙashin ƙofa, sannan ya koma kujerarsa ya rufe baki da hannu, kafaɗunsa suna motsi.

Inna ta share barandarta tsaf, har ƙarƙashin kujerar Manaja. Ta kashe inji, ta zare wayarta, ta mayar da fulogin yadda ta same shi. Minti biyu ba a yi ba firinta ta yi tari ta fara zubo takardu. Wayoyi suka ɗauki ƙara. Manaja ya kara kati, koriyar fitila ta kama, ƙofa ta buɗe.

Ba-Matsala ya fito kamar an harbo shi, ya ratsa taron ya yi hanyar banɗaki. Da ya dawo ya riga ya gyara tabarau, ya shirya jawabi.

"Kun gani da idonku. Ya shigo, mun yi gaba da gaba, na fatattake shi."

Surukin ya ce, "Inna, wannan fulogin, yau kika fara cire shi?"

"Wanne? Wannan? Ai kullum ne, Malam. Soket ɗin ɗaya ne a barandar, tun zuwan yaron nan na tarar an cusa masa wannan. In cire in yi sharata in mayar."

"Da ƙarfe nawa?"

"Bakwai. Ni ba na makara."

Shugaban direbobi ya zauna a ƙasa don dariya. Sakatariya ta ce, "Inna, ashe daga ƙetare kike ba mu sani ba." Inna ta ce ita a bar ta da shirme, tana da sauran ofis huɗu.

Surukin ya shiga ɗakin saba, ya dubi butar shayi a jikin akwatin batiri, ya dubi ƙafar tebur. Ya sunkuya ya zaro koren littafin, ya kaɗe shi, ya miƙa wa Manaja. Manaja ya buɗe shafin farko ya karanta a bainar jama'a: "Ɗaya, bayan kowane canji a danna ajiye, in ba haka ba da an kashe na'ura zai goge. Biyu, dokar hana kowa a ƙarshe take zama, kada a matsar da ita. Uku, kada a cire fayawol daga jikin batiri." Ya rufe littafin. "Shafin farko ke nan. Saura talatin da tara."

Ya miƙa hannu. Ba-Matsala ya cire katin ƙofa daga wuyansa ya ba shi. Bai ce ba matsala ba.

A bakin titi suna jiran mota, shi rungume da buta da ragowar kati ɗari huɗu da wani abu, ya ce, "Amma Baba, in an duba da kyau, ai dai an kama ɗan kutsen. Kuma shirina ne ya fito da shi."

"An kama shi," in ji tsohon. "Gobe ka sayi wani abu ka kai wa Inna. Kusan wata guda tana riƙe maka aikin nan ba ta sani ba. Rana ɗaya ka hana ta shara, ka ga inda muke tsaye."

Mota ta tsaya. Wani tsohon abokin surukin ya leƙo ta taga yana murna, suka gaisa, ya tambayi wane ne wannan mai buta.

Ba-Matsala ya sunkuyar da kai yana jira.

"Mijin 'yata ne," in ji surukin. Ya ɗan dakata, ya dube shi, sannan ya ƙarasa: "Rimot kam ya iya."